Tambaya da Amsa: Shafina ya yi nauyi, wane filogin zan saka?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ina da shafin girke-girke da na buɗe a WordPress, to kwanan nan mutane sai ƙorafi suke min a WhatsApp wai in sun danna link sai ya yi ta juyawa ya ƙi buɗewa, wasu ma har su haƙura su fita. Wani ya ce in sa W3 Total Cache, wani kuma ya ce WP Rocket ya fi, ni kam na rasa na ɗauka, shi ne na zuba guda biyu na kyauta a tare amma ban ga wani canji ba. Dan Allah wanne ya fi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai je ki cire ɗaya daga cikin biyun nan yau ɗin nan, filogin ɗin ajiya (wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress don ta riƙe kwafin shafi) guda biyu a shafi ɗaya rigima kawai suke haɗawa, kowanne na son shi ne zai riƙe kwafin shafin, ƙarshe sai ki ga kin gyara rubutu amma tsohon ne ke fitowa ko kuma shafin ya hargitse gaba ɗaya.

Ga abin da suke yi a taƙaice. Duk sanda mutum ya buɗe shafinki, WordPress sai ta tashi PHP, wato yaren kwamfutar da aka gina ta da shi, ta je rumbun bayanai ta kwaso rubutu da sunan hotuna da sauransu, ta harhaɗa sannan ta miƙa masa, kuma haka za ta sake yi wa na bayansa. Kamar mai shayi ne da sai ka zauna zai fasa maka ƙwai, alhali mai tuwo ta riga ta tuƙa ta zuba a kula, kana zuwa sai miƙowa. Filogin ɗin ajiya shi ke mayar da shafinki irin na mai tuwon, ya haɗa sau ɗaya ya ajiye kwafi, duk wanda ya zo a ba shi wannan.

To wanne ya fi? Gaskiya ni ba daga sunan filogin nake farawa ba, daga sabar da shafin yake kai, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi a intanet, nake farawa. A cikin WordPress ɗinki ki shiga Tools, ki danna Site Health, sai Info, ki sauka wajen Server, nan za ki ga manhajar da sabar ke aiki da ita, ko LiteSpeed ce ko Apache ko Nginx, in kin kasa ganewa ki tura wa kamfanin hostin ɗinki, wato masu sabar, saƙo su faɗa miki. Idan LiteSpeed ce magana ta ƙare, sa LiteSpeed Cache, kyauta ne kuma da sabar kanta yake aiki kai tsaye, shi ya sa yake da sauri. Amma in ba ita ba ce, ɓangaren ajiyar shafin nasa ba zai yi miki aiki ba sai kin haɗa shi da QUIC.cloud, wato sabis ɗin masu LiteSpeed da ke riƙe kwafin shafi a nasu sabobin, kuma mutane da yawa nan suke faɗawa, su saka shi don sun ji ana yabonsa su zauna suna jiran sauri.

In Apache ce ni WP Super Cache zan ce ki ɗauka. Na kamfanin Automattic ne, masu WordPress.com, ba shi da tarkace, ki kunna ki tafi harkarki. W3 Total Cache yana da ƙarfi ba ƙarya, sai dai saitinsa ya yi yawa sosai, wanda bai saba ba zai iya danna abu ɗaya ya kwana yana neman inda ya ɓata. WP Rocket kuma mai kyau ne da sauƙin saiti amma ba shi da na kyauta, duk shekara za ki biya kuma da dala, ga yadda dala take yanzu, shafin da bai fara kawo kuɗi ba ban ga dalilin ɗora masa wannan ba.

Sai dai fa ina zargin ba ma nan matsalarki take ba. Shafin girki hotuna ne, kuma yawancinmu daga waya muke ɗauka mu ɗora haka nan, hoto ɗaya ya kai mega 3 ko 4, a sa guda goma a rubutu ɗaya, mai karatu kuma yana can da netwok mai sanda biyu yana lallaɓa datarsa. Babu filogin ɗin ajiyar da zai rage wa hoton nan nauyi don ya ajiye kwafin shafi. Ki rage faɗinsa zuwa kamar fiksel 1200, ki matse shi a shafin Squoosh ko TinyPNG kafin ki ɗora, in da hali ki mayar da shi WebP, wani tsarin hoto mara nauyi, WordPress tana karɓarsa tun fitowar 5.8 a 2021. Sannan ki duba PageSpeed Insights na Google, shafin da ke auna saurin buɗewa, ki zaɓi gwajin waya ba na kwamfuta ba tunda masu karatunki da waya suke shiga, abin da Google ke so shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ki gwada kafin ki sa filogin ki kuma gwada bayan kin sa, kuma kar ki auna da burauzar da kika yi login a ciki domin galibi ba a ba mai shafi kwafin ajiya.

In sabar taki a Turai ko Amurka take, Cloudflare na kyauta zai taimaka, su ne masu miƙa wa mai karatu kayan shafi daga cibiyar da ke kusa da shi, kuma suna da cibiya a Legas. In filogin ɗinki yana da saitin matse CSS da JavaScript, wato fayilolin da ke tsara kamanni da motsin shafi, a bi a hankali, ki yi bakof tukuna, wato ki adana kwafin komai na shafin, ki kunna ɗaya ki duba shafin a waya sannan ki kunna na gaba.

TAMBAYA: Malam ni a Blogger nawa yake, wanne zan saka? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Babu ko ɗaya ɗan'uwa, Blogger ba ta karɓar filogin, Google ce ke kula da sabar da kanta. Kai dai rage nauyin hotuna, ka cire tallace-tallacen da ka cika a gefe, in tamfilet ɗin da ka sauko da shi, wato ƙirar shafin, mai nauyi ne ka canza shi.