Wa ya zuba me a motar? Amsa ga mai juyen mai a Gombe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon juyen baƙin mai da sayar da filta a kan hanyar Dukku, nan Gombe. Kwanakin baya wani matashi ya kawo Toyota Tacoma da aka sayo masa daga Amurka, wadda tun can aka ɗaura mata sufacaja, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, ya ce a yi juye har da man na'urar. Ba na nan, ɗan yayana da ke tsare mini shago ya yi aikin. Bayan mako uku na'urar ta fara ƙara, mai motar ya dawo yana cewa mun zuba mata man da ba nata ba, sai na biya shi naira miliyan biyu. Yaron ya rantse man da mai motar ya zo da shi ya zuba, shi kuma ya ce bai zo da komai ba. In kori yaron ne? Sannan na lura babu mai wannan aiki a garin nan, ina tunanin sayar da filina na Tumfure in yi odar man sufacaja da kayanta, in zama na farko.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambaya biyu ka yi mini, ni kuma ɗaya zan yi maka. A ina aka rubuta abin da aka yi wa motar nan ranar da ta shigo? Na san amsar. Da akwai takarda, da ba ka ba ni labarin rantsuwa ba. Yaro ya rantse, mai mota ya musanta, kai kuma mai shagon kana tsakiya kana kallon fuskokinsu kana neman wanda idonsa zai nuna ƙarya. Miliyan biyu ake magana, hujjarka kuma ita ce "wallahi kawu".

Ka tsaya ka ga irin aikin da shagonka ya karɓa da ka. Sufacaja famfon iska ce, bel ke juya ta daga inji, tana danƙara iska ciki don ƙarfi ya ƙaru. Wadda aka ɗaura daga baya ba ta cikin littafin motar, ko ka karance shi daga bango zuwa bango, domin ba da ita motar ta fito daga masana'anta ba. Kuma ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka fi ɗaura wa Tacoma, ta kamfanin TRD ko Magnuson mai kayan ciki na kamfanin Eaton, tana da ɗan akwatin mai nata daban a gaba, bai haɗu da baƙin man inji ba. Ta ProCharger mai riƙe da manta, kamfanin cewa ya yi a canza bayan mil 500 na farko, sannan duk mil 6,000, wato kusan kilomita 9,600. Wasu na Vortech daga man inji suke sha kai tsaye, wasu kuma nasu daban. Ta Rotrex, ta ƙasar Denmak, da santsin man da kamunsa take aiki, in ka zuba mata wani mai daban ka kashe ta. Suna ɗaya, dokoki huɗu. Yaronka ya leƙa ya ga sunan kamfanin da ke jikin na'urar? Ko ya leƙa, wa zai tabbatar yau?

Man kuma ɗan kaɗan ne, yawanci bai wuce rubu'in lita ba. Da yawansu ba su da notin tsiyaya a ƙasa. Ta bakin zubawa ake cusa siririn tiyo, a zuƙe tsohon da sirinji, a tara shi a kwalba mai awo, a ga nawa ya fito, sannan a mayar da gwargwadon da kamfanin ya ce. In ya gaza, giya da boris su ci juna. In ya yi yawa, ya yi kumfa, ya yi zafi, sil ya fara yoyo. Wato ko da man daidai ne, awon kaɗai ya isa ya jawo rigima. Aiki irin wannan, layi biyar a littafi ya raba gardama: lambar mota, kilomitan da mita ta nuna, sunan na'urar, sunan man da wanda ya kawo shi, nawa aka zuƙo nawa aka zuba. Mai mota ya sa hannu, yaro ya ɗauki hoton kwalbar da waya kafin ya fasa ta. Biro da littafi mai kwafi, nawa suke a Babbar Kasuwa?

Na san wani mai sayar da baƙin mai a Bauchi, mutumin kirki, shagonsa ya fi naka girma nesa ba kusa ba. Direbobin wani attajiri mai manyan motocin siminti a wajensa suke juye. Direba ya zo, a sauke masa jarkoki, ya ce "a rubuta wa Alhaji", a ce to. Ba a rubuta komai, don Alhaji ba ya cin haƙƙi, ƙarshen wata sai ya tambayi nawa ne ya biya, ba ya ko ƙirgawa. Shekaru ana haka lafiya. Rannan Alhaji ya kwanta dama da bashin wata biyu a kansa. Magada suka ce ba su ƙi ba, a kawo takarda. Direbobi kuwa kowa ya kama gabansa, wanda aka samu ya ce shi juye ɗaya ya sani. Mutumin nan bai ci amanar kowa ba, magadan ma ba za ka kira su azzalumai ba, amma uwar kuɗinsa ta tafi a nan. Ƙarshe ya koma tsare wa wani shago. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, mu kuma 'yan kasuwa mun mayar da rubutu alamar rashin yarda.

Shi ya sa ba zan ce ka kori yaron ba. Yadda ya ga kana yi ya yi. Ina kyautata zaton da bare ne da tuni ka sa shi yana rubuta duk galan ɗin da ya fita, amma ɗan yaya ne, kana jin nauyi. Ka kore shi ka kawo wani, in tsarin bai canza ba, baɗi war haka za ka sake rubuto mini. Kuma ina mai tabbatar maka ba motar nan kaɗai ta wuce ba rubutu. Yau in na ce ka faɗa mini lita nawa ka sayar a watan jiya da ribar da ta rage bayan haya da abincin yara, lissafin ka za ka yi mini.

Maganar fili kuwa ta ba ni haushi. Na'ura ɗaya ta shigo shagonka, ta fita da rigima, kai kuma abin da ka hango shi ne arziki. "Babu mai yi a garin nan" ba kullum dama ba ce, wani lokaci masu wayo sun ƙirga sun ga babu kasuwa. Zauna bakin titi ka ƙirga. In ka cire 'yan Mercedes Kompressor da Range Rover da suka zo da tasu daga masana'anta, motoci nawa ne a Gombe da aka ɗaura wa sufacaja? Irin ta Eaton kuma manta na iya yin shekaru ba a taɓa shi ba. Mu ƙaddara ka sami motoci 20, kowace ta bar maka 30,000. Dubu 600 ke nan, sai kuma ka jira shekaru su dawo. Ajiye wannan gefe. Juyen yau da kullum, bas-bas da Sharon da Keke, in kana cin 2,000 a kan kowace, goma a rana, 20,000 ke nan, a wata ka doshi rabin miliyan, kuma bayan 'yan makonni su dawo da ƙafarsu. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane ke jingine motoci masu shan mai, kai kuma za ka sayar da ƙasa, wadda ba ta ruɓewa, ka sayi kwalabe da dala don motocin da suka fi kowace sha. In wani ya sake kawo irinta, ya biya tukuna, ka sa a nemo maka kwalba ɗaya ko biyu a kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas ko ta Apo a Abuja da kuɗinsa. In ba ka gane na'urar ba, ka ce ba ka yi. Babu wanda ya taɓa talaucewa don ya mayar da aiki ɗaya.

Rigimar da ke gabanka yanzu, kada ka biya ko sisi tukuna, kada kuma ka yi masa tsiya. Roƙe shi kada kowa ya buɗe na'urar a bayan idonka. Ku je wajen shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA, su ba da wanda ya san aikin, a zuƙo man a gaban kowa cikin kwalba mai tsabta, a auna. Man irin ta Eaton yana da wani ɗoyi da ba a ɓoye shi, ƙanshin baƙin man inji kuwa ka fi ni saninsa. A kuma saurari ƙarar da kyau. In kwaram-kwaram ce tana yi mota na tsaye a silo, sau da yawa ɗan roban da ke haɗa shaf a hancin na'urar ne ya cinye, ko bel da abin da ke ɗaure shi, kuma waɗannan kuɗinsu bai kama ƙafar miliyan biyu ba. In an tarar baƙin man inji ne a ciki, laifin shagonka ne, ka biya gyara, ba sabuwar na'ura ba, sai in masanin ya ce ta mutu. In an tarar man daidai ne, ka shirya dattawa su ce ka ɗan rage masa asara, tunda ba ka da abin nunawa kan awon da aka zuba. Duk abin da aka tsayar, a rubuta adadin da ranar biya, kai da shi ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa.