Wa ya dace a tsayar admin a Wikipedia ta Hausa?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce editocin da ke haɗuwa a nan Jos suna son tsayar da mutum ɗaya ya nemi zama admin, amma kan jama'a ya rabu tsakanin wanda ya fi kowa yawan gyara da wanda ke jagorantar zaman horaswa. Kin kuma tambayi hanyar da ake bi.

A ganina ma'aunan nan biyu duk ba su isa ba. Admin ba shugaban editoci ba ne, ba a biyansa ko kwabo, kuma maganarsa kan abin da za a rubuta cikin maƙala ba ta fi ta kowa nauyi ba. Abin da ake ƙara masa shi ne ikon goge shafi da dawo da shi, kulle shafi, toshe edita, da ganin abin da aka riga aka goge. Taɓa JavaScript da CSS na shafin, wato lambobin da ke sarrafa aikinsa da kamanninsa, ma ba ya ciki, tun 2018 aka mai da shi izini na daban. To abin dubawa shi ne yadda mutum ke yanke hukunci idan ransa ya ɓaci, kuma wannan a tarihin gyare-gyarensa ake ganinsa.

Yawan gyara yana ruɗar mutane. A lokacin gasa edita na iya tara dubbai ta hanyar ƙara rukuni a ƙasan shafuka, ko zuba fassarar inji ba tare da ya karanta ta ba. Ki saka sunan ɗan takara a XTools, shafin da ke ƙididdige gyare-gyaren editoci, zai nuna miki gyara nawa ya yi a maƙaloli, nawa a shafukan tattaunawa, nawa aka goge, da watannin da ya yi shiru. Wanda bai taɓa rubutu a shafin tattaunawa ba, ba a gwada haƙurinsa ba tukuna. Daga nan ki zaɓi maƙalolinsa kamar goma ba tare da shi ya nuna miki su ba. Akwai madogara? Hausar ta mutum ce ko ta inji? Ya kwafo daga jarida kai tsaye? Sai ki duba shi a CentralAuth, shafin da ke nuna asusun mutum a duk shafukan Wikimedia, inda ake ganin ko an toshe shi a wata wikin. Wanda aka toshe a Commons, ma'ajiyar hotunan Wikimedia, saboda ɗora hotunan da ba nasa ba, zai yi wuya ya kare haƙƙin mallaka a nan.

Abin da ya fi muhimmanci a wajena shi ne ki nemo wurin da aka taɓa soke masa gyara. Ya mayar da nasa sau uku cikin fushi, ko ya je shafin tattaunawa ya kawo hujja? Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin nauyin wannan. Maƙala kan rikicin Satumba 2001, ko na Nuwamba 2008, ko na Janairu 2010, ko batun ɗan ƙasa da baƙo a Jos ta Arewa, jimla ɗaya a cikinta na iya tayar da ƙura, kuma kusan kowannenmu yana da wanda abin ya shafa. Ƙa'idar ita ce admin ba ya amfani da ikonsa a rigimar da yake ciki. Idan shi ma yana gardama a maƙalar, ba zai kulle ta a kan sigar da yake so ba, ba zai toshe abokin gardamarsa ba, sai ya kira wani admin. Ku tambayi ɗan takara wannan ƙarara, ku saurari amsarsa da kyau.

Game da hanya kuwa, komai a kan wikin ake yinsa. Ƙungiyar editoci ba ta naɗa admin, Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ma ba ta naɗawa. Ɗan takara zai rubuta buƙatarsa a shafin neman zama mai gudanarwa, wato admin, a sanar a zauren al'umma, a bar tattaunawa a buɗe aƙalla kwana 7. Ya faɗi aikin da zai yi da ikon, da gudummawar da ya fi alfahari da ita, da yadda ya taɓa warware saɓani. Kowane mai ra'ayi ya rubuta dalilinsa ya sa hannu da alamar ~ guda huɗu. A Wikipedia ta Ingilishi wanda ya haura kashi 75 cikin 100 yakan wuce, wanda ya gaza 65 yakan faɗi, tsakaninsu kuma ana auna hujjoji. A Oktoba 2024 sun gwada zaɓe na ƙuri'ar sirri da sharaɗin kashi 70. Wannan tsarinsu ne, bai zama dole a kanmu ba. Wikin da ke da burokirat, wato editan da aka ba ikon naɗa admin, shi ke rufe tattaunawa ya ba da izinin. Inda babu, sai a kai mahaɗin tattaunawar zuwa Meta-Wiki, shafin da ke haɗa ayyukan Wikimedia, wajen stiwad, wato editocin da aka zaɓa su yi aiki a kan duk wikoki. Idan masu ƙuri'a kaɗan ne sukan ba da izinin wucin gadi na 'yan watanni, a dawo a sabunta. Kada a ɗauki hakan raini, dama ce ta ganin aikin mutum kafin a dawwamar da shi.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne WhatsApp. A tura saƙo cewa kowa ya je ya goyi bayan namu, sai ga asusu ashirin da ba su taɓa gyara komai ba sun rubuta kalma ɗaya. Stiwad suna duba tarihin masu ƙuri'a, irin waɗannan ba sa ƙara wa ɗan takara komai sai zargi. Sanarwa ba laifi ba ce matuƙar ta tsaya ga cewa an buɗe tattaunawa, kuma ta isa ga masu so da masu ƙi. Kada kuma a sa sababbin ɗalibai su kaɗa ƙuri'a a ɗakin horaswa. Duk suna kan waifai ɗaya, idan aka yi binciken CheckUser, wanda ke duba adireshin intanet ɗin da asusu ya yi amfani da shi cikin kwana 90, za su yi kama da mutum ɗaya mai asusu da yawa.

Akwai tambayar da nake so a yi wa duk mai nema: me zai faru idan ya toshe edita ya bar toshewar kai-tsaye a kunne? Adireshin intanet ɗin da mutumin ya yi amfani da shi yakan toshe na awa 24, kuma da yake layukan waya a Najeriya suna raba adireshi ɗaya ga jama'a da yawa, wanda bai ji ba bai gani ba sai ya kasa gyara. A zaman horaswa ɗaki guda ne zai tsaya. Mai jagorantar horaswarku wataƙila ya riga ya san cewa asusu 6 kawai ake iya buɗewa a rana daga adireshi ɗaya, wannan ilimin zai amfane shi, amma a duba tarihinsa kamar na kowa.

Idan ɗan takara ya taɓa karɓar kuɗi ya rubuta wa ɗan siyasa ko kamfani maƙala, sharuɗɗan amfani da shafukan Wikimedia sun wajabta bayyana hakan tun 2014, gara ya faɗa da bakinsa kafin a fara ƙuri'a. Wanda ya samu zama admin kuma ya kunna tantancewa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro bayan kalmar sirri, a asusunsa tun ranar farko. Ya kuma sani cewa a wikin da ba ta da dokarta kan rashin aiki, admin da ya yi shekara 2 babu gyara babu aikin gudanarwa, stiwad sukan sanar da shi da al'umma, idan ba a ji komai ba su cire izinin.