Ku Tambaya Mu Amsa: Cinikin Sabuwar Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji da motocin Kwatano, ina so in sayi sabuwa dal a wajen dilan kamfani. Wani abokina ya ce su ba a taya musu, abin da suka yanka shi ke nan. Haka ne?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana taya musu mana. Sai dai ba irin cinikin bakin titi ba ne da ake ta "albarka" ana tafawa. Nan a kan takarda ake ciniki.

Kafin ka ce uffan, karɓi takardar farashi, wadda suke kira furofoma, daga dila biyu ko uku a kan mota iri ɗaya: samfuri, girman inji, giya da shekara duk su zo ɗaya. In ba haka ba, sai ka gwada Corolla mai inji 1.6 da mai 1.8 ka ɗauka ka tsinci dami a kala. Ka ce a rubuta maka duk abin da za ka biya har makulli ya shiga hannunka: harajin VAT na kashi 7.5, rajista da lamba, inshora, da kuɗin ɗauko ta daga Legas in ba ta wajen dilan. A nan ake yi wa mutane yankan baya. Motar naira miliyan 40, harajinta kaɗai miliyan 3 ne. Idan ba ya cikin farashin da aka fara faɗa maka, ragin dubu 500 da ka yi gumi ka samu ya bi ruwa.

Daga nan sai ka ajiye takarda mafi sauƙi a gaban ɗaya dilan, ka ce ya yi ƙasa da ita. Kada ka biye wa yaron da ke zagayawa da kai, manaja ne ke da ikon sallamawa.

Babban makaminka shi ne motar da ta kwana. Lambar shasi gurbi 17 ce, kuma a yawancin motoci gurbi na 10 ne ke nuna shekara: P 2023, R 2024, S 2025. Durƙusa ka duba gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da haruffan DOT. In ka ga 1223, an yi tayar a mako na 12 na 2023. Motar da ta daɗe a ajiye kuɗin dila ne kwance, ya fi ka matsuwa, musamman in sabon samfuri ya iso. Amma ka sa a gwada batir, don zama na cinye shi.

In farashi ya ƙi motsi, koma kan gyara: sabis na farko kyauta, tiraka (na'urar bin sawun mota), ko rajista. Kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta lambar shasi, ranar da za a ba ka mota, da cewa farashin ba zai tashi ba ko dala ta tashi. A asusun kamfani za ka biya, ba na ma'aikaci ba.

Tambaya: Ina so in ba su tsohuwar motata a yi canji, cikon kuma banki ya biya ta hanyar murabaha. Ta ina zan fara?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Hajiya, ciniki uku ne nan, kada ki bari a dama miki su wuri ɗaya. Fara gama farashin sabuwar, ba tare da kin ambaci tsohuwar ba. In kika faɗa da wuri, abin da aka rage miki can za a zaftare shi a nan. Kai tsohuwar wajen dillalai biyu su taya, ki cire la'ada, sannan ki san ƙimarta.

A murabaha, irin ta bankunan Jaiz ko TAJ, banki ne ke sayen motar ya sayar miki da riba sananniya. To a kan farashin furofoma ake ɗora ribar, don haka duk nairar da kika kasa ragewa sai kin biya ta da ƙari. Kada ki tsaya kan "nawa ne a wata", tambayi jimilla. Ki kuma lissafa cikakkiyar inshora ko takaful (inshorar Musulunci), wadda banki kan wajabta. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa mafi ƙarancinta kashi 5 na kuɗin mota, wato miliyan 2 a shekara ga motar miliyan 40.

Tambaya: Na ga sabuwa da ledarta a wajen 'yan kasuwa, ta fi ta kamfani araha. In saya?
Mai karatu daga Sakkwato

Amsa: Leda ba garanti ba ce, Alhaji. Ɗauki lambar shasin ka kai wa dilan kamfani, ka tambaya ko za su karɓe ta in giya ko inji ya ba da matsala. Sau da yawa ba sa ɗaukar nauyin wadda ba su shigo da ita ba. Sannan ka tantance takardun kwastan a ofishin hukumar kwastan kafin ka biya ko kwabo, don motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya kama ta a hannunka.