Amsa: me ya sa ƙwayar ciwon hanta ta sake hawa alhali ana shan magani?

Salamu alaikum ɗan'uwa, Allah ya ba yayanka lafiya. Ka ce shekaru yana shan lamivudine a Tahoua, da farko analiz ya yi kyau, yanzu kuma ƙwayar hepatit B ta sake yawa a jininshi, kana tambaya ko maganin jabu aka saida muku. To ba lalle ba ne wallahi.

Ita wannan ƙwaya in tana hayayyafa cikin hanta tana kwafar kanta ne ba tare da gyara kuskure ba, shi ya sa a jikin mutum guda za ka tarar da iri-iri masu ɗan bambanci. Magani in ya shigo sai ya danne mafi yawansu, amma ƴan kaɗan ɗin da suka canza a wani wuri na jikin ƙwayar da ake kira YMDD lamivudine ba ya kama su, su ne ke samun fili su yaɗu har su mamaye. Bayan shekara 5 ana shan shi, kusan kashi 70 cikin 100 na masu sha suna cin karo da haka. Dalili ke nan tun 2015 OMS, wato hukumar lafiya ta duniya, ta ce a fara da maganin tenofovir ko entecavir, kuma wanda lamivudine ya daina yi ma aiki tenofovir ake maida shi, don entecavir ba ya da ƙarfi sosai a kan waɗannan canzazzun.

Don Allah kada ya tsaida magani da kanshi, hanta na iya tashi ta yi muni sosai. Ku koma likita wurin lokotoron hanta da tsofaffin takardun analiz duka, in ya ce a wuce Yamai ku wuce, kuma ku gaya mishi gaskiya in akwai kwanakin da ya tsallake bai sha ba.