Tambaya da Amsa: Kanena ya makale a Dubai, bizarsa ta mutu shekara uku

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Kanena ne ya tafi Dubai da bizar ziyara, wani ejan ya ce masa in ya isa za a juya masa ita ta koma ta aiki, ya isa ejan ya kashe waya. Yanzu shekara uku kenan bizar ta mutu, yana dan buga-bugarsa a boye, ko asibiti tsoron zuwa yake, fasfonsa ma ya kare. Mahaifiyarmu ba lafiya kullum shi take tambaya. Shi yana so ya dawo amma ya ce yana zuwa filin jirgi kama shi za a yi. Wani ya ce mu turo kudi zai goge masa suna a kwamfuta ya fito da shi, mu tura ko kar mu tura? A sakaya sunana.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya ya sada ta da danta. Bari in fara da wadda ta fi gaggawa, kar ku tura kudin nan, ko sisi. Babu wani mutum a waje da yake da ikon goge sunan kowa daga kwamfutar hukumar shige da fice, kuma masu wannan maganar sun san wanda bizarsa ta mutu ba zai iya kai su kara ba shi ya sa suke bin irinsa, wanda ya cuce shi da farko da wanda yake son karbar kudinku yanzu sana'arsu daya.

Toh ga yadda abin yake. A Hadaddiyar Daular Larabawa, kasar da Dubai take ciki, tarar wuce wa'adin biza dirhami 50 ce a kowace rana, kinga a shekara ta kama 18,250, shekara uku kuwa ta haura dubu 54. Na san kina karantawa gabanki zai fadi, amma ki lura kowace safiya da ya kara a boye wata 50 ce ta hau kai, buyan da yake yi ba abinda yake ragewa. Tsalle daya ake yi a fada rijiya, fitowa kuwa sai an bi a hankali, kuma a jere ake binta, in ya fara da na karshe zai sha wahalar banza.

Fasfo ne farko. Ya je ofishin jakadancin kasarku, manyan ofisoshin suna Abu Dhabi, kasashe da yawa kuma suna da karamin ofishi a Dubai. Mutane da dama na gudun ambasi wai za a mika su, alhali aikinsu kenan su ba dan kasa takardar tafiya. Tunda nasa ya kare, ko dai a sabunta ko a ba shi takardar tafiya ta gaggawa wadda ake shiga jirgi da ita sau daya zuwa gida, kuma ita tana da wa'adi don haka kar ya karbe ta ya je ya kwanta. Ku daga nan ku tura masa hoton duk wata shaida da kuke da ita, takardar haihuwa, katin dan kasa, kwafin tsohuwar bizar da tikitin da ya shiga da shi.

Sai abin da yawanci ake tsallakewa, kuma ni a ganina ya fi tarar muhimmanci, wato a gano ko akwai wata kara a kansa. Kamfanin da ya fitar masa da bizar ziyara yana iya kai rahoton cewa ya gudu, suna yi sosai saboda su ma sunansu ne a kan bizar. Sannan in ya taba cin bashi, ko kudin haya, ko wata rigima da ta kai ofishin 'yan sanda, ana iya sa masa takunkumin fita, kinga nan ne maganarsa ta kamu a filin jirgi take zama gaskiya. Wanda ya sayi tikiti bai duba wannan ba kudinsa ne zai kone. Ki zauna da shi a waya, ba fada ba gori, ki ce ya fada miki gaskiya tsakaninsa da Allah ko akwai wani abu bayan bizar, don wlh da yawansu kunya ce ke hana su fadi, sun bar gida da buri an sayar da kadara an tura su, yanzu suna ganin komawa hannu rabbana abin kunya ne. In kudin da za ku kashe ne ya zama dole, ku kashe shi a kan lauya mai lasisi a can, wanda zai duba fayil dinsa ya ba ku rasit.

Bayan nan sai hukuma. In a Dubai aka fitar da bizar, GDRFA, wato hukumar shige da fice ta Dubai, ce ke da fayil din, ana bi ta cibiyoyin Amer masu hidimar biza ko a je cibiyar hukumar ta unguwar Al Awir inda ake sauraron masu irin wannan matsala, in kuma wata masarauta ce ta kasar ba Dubai ba ta bayar sai a bi ta ICP, hukumar tarayya mai kula da biza a sauran masarautun. Su za su fada masa adadin tarar, kuma yana iya rubuta takardar neman sassauci ya yi bayanin halin da yake ciki, ya hada da shaida, misali takardar asibitin Mama da sakonnin da suka yi da ejan din. Ragewa ikonsu ne ba hakkinsa ba, amma ana nema kuma ana dubawa. In an daidaita sai a ba shi takardar izinin fita, ita ma kwanakinta kadan ne, a lokacin ne ake yankan tikiti ba kafin nan ba.

Za ki ji ana cewa ya jira afuwa. Gaskiya ne sun taba yi, an yi a 2018, an sake yi daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba 2024, aka yafe tara mutane suka fita ba tare da an hana su dawowa ba. Sai dai tazarar da ke tsakanin biyun nan shekara shida ce, kuma da Mama a kwance ni dai ba zan ce ku zauna jiran sanarwa ba. In aka yi sanarwar yana tsakiyar shiri, toh ya samu fasfo a hannu ya riga kowa.

Ki kuma shirya masa zuciya cewa mai yiwuwa a hana shi komawa kasar na wani lokaci, musamman in kama shi aka yi aka koro maimakon ya kai kansa. Ba can kadai ake haka ba, a Amurka wanda ya wuce kwana 180 ya fita shekara 3 ake hana shi shiga, in ya kai shekara guda kuma shekara 10. Ya ajiye duk rasit da takardar fitar da aka ba shi, don duk ranar da zai nemi bizar wata kasa za a iya tambayarsa ko ya taba wuce wa'adi, ya amsa da gaskiya ya nuna takardun.

Ranar da zai je ofishin ya sanar da ke da wani amintacce a can, ya tafi da kwafin takardunsa da lambar ambasi a rubuce a takarda, saboda in aka tsare shi na wasu kwanaki kafin tafiya ku san inda za ku nema.