Me ya sa adon bishiyar Kirsimeti na kwaɓin gishiri yake kumbura ya tsage?

'Yar'uwa, kin ce adon da kika gasa ya kumbura, wasu kuma sun tsattsage. Yawanci zafin wuta ne ke jawo hakan, ko fulawar da aka riga aka haɗa da sinadarin tashi.

Ki auna kofi 2 na fulawa zalla, kofi 1 na gishiri mai laushi, sannan ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ya kusa kofi 1. Ki murza sosai, ki shimfiɗa da kaurin rabin santimita, ki huda gurbin zare kafin gashi, domin idan ya bushe ba ya huduwa. Ki gasa a zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius na tsawon awa 2 zuwa 3, kina juyawa. A ganina shanya a inuwa ta fi, tunda iskar hunturu takan busar da shi cikin 'yan kwanaki.

Gishiri yana jan danshi, saboda haka bayan fenti ki shafa man ƙyalli, wato banish (varnish), in ba haka ba damina za ta lalata shi. Idan yaro ko kare ya ci, a garzaya wurin likita, don gishirin ya yi yawa.