Nima sai da na shekara biyu ina cewa ƙarya yake yi

Sallama 'yar uwa. Tun safe na ga tambayarki, na ajiye wayar na sake ɗauka ya fi sau uku, don ji na yi kamar labarin gidana kika rubuta. Kin ce 'yarki mai shekara 6 kusan kullum sai ta ce cikinta na ciwo, ya fi tashi da safe kafin makaranta, an yi gwajin jini da na fitsari an ce lafiya lau, an ba ta maganin tsutsa har sau biyu, yanzu kina tunanin ko dabarar gudun makaranta ce. Ki yi haƙuri, zan yi tsawo.

Nawa namiji ne, yanzu yana shekara 10. Ba sai na tsaya bayanin halinsa ba, duk mun san irin yaranmu da ƙara, haske, taɓawa da ɗanɗano ke damunsu fiye da sauran yara: toshe kunne, yanke 'yar takardar wuyan riga, abinci kala huɗu ko biyar kawai, shi ma sai mai laushi, mara ƙamshi, kuma kada wani ya taɓa wani a faranti. Ciwon cikinsa ya fara yana shekara 5. In na ce ina ne ke ciwo, sai ya ɗora hannu a cibiya. In na ce yaya yake yi, murɗawa ko zafi, sai ya zuba min ido kawai.

Likitan farko da muka gani, wallahi har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Bai ko ɗaga rigar yaron ba. Yaron ya maƙale a bayana saboda hasken fitilar ɗakin da ƙarar fanka, shi kuwa mutumin yana rubutu kansa a sunkuye ya ce, "Hajiya, shagwaɓa ce, ke kike biye masa." Ko minti biyar ba mu yi ba. Abin da ya fi ci min rai ba maganar tasa ba ce, yarda da na yi da ita. Na dawo gida na maimaita wa babansa, babansa ya maimaita wa 'yan uwansa, daga nan kowa ya samu abin faɗa. Ƙanwar babansa har cewa ta yi a ba ta shi sati ɗaya ta gyara min shi. Ita da ba ta taɓa kwana da shi yana juye-juye ba!

Ranar da ba zan manta ba, wata Talata ce. Ya kwanta a ƙasa ya dunƙule, takalmi ƙafa ɗaya a saye, yana cewa Mama cikina. Na ja shi da hannu har bakin ƙofa, na ce yau ko mutuwa kake sai ka je. Da wannan bakin nawa na faɗa. Kafin azahar aka kira ni daga makaranta. Ya ɓata wandonsa, malamar ta tsayar da shi a bayan aji, yara na toshe hanci suna dariya. Da na iso na same shi yana kallon bango, ba ya ko kuka. Malamar ta ce min a gaban kowa, "Ku riƙa koya masa tsafta a gida." Ni kuma kunya ta rufe ni, muna fita na kai masa duka a baya. Ya ce, "Mama ban ji ya fito ba." Na ce ƙarya kake. Shekara biyar ke nan, amma in na rufe ido ina ganin yadda ya riƙe jakarsa da hannu biyu a gaba.

Ashe gaskiya ya faɗa. Wata likitar yara ce ta gano, Allah ya saka mata da alheri. Ta kashe fitila, ta bar shi ya kwanta da kansa, ta ɗumama hannunta, sannan ta danna ƙasan cikin ta hagu. Ta ce in kawo hannuna. Na ji abu a jere, ƙulu-ƙulu, tauri kamar duwatsu. Ta ce yaushe rabonsa da bayan gida? Na ce ai kullum yana yi, har ma zawo-zawo yake, kullum da ɗan alama a wando. Ta ce wannan ba zawo ba ne. Bayan gida ne ya taru ya toshe ƙarshen hanji, mai ruwa-ruwan da ke sama yake zagayowa ta gefe ya zubo. Hanjin kuma da ya daɗe a buɗe saboda cika, sai ya daina aika saƙon "je ka banɗaki". Don haka yaron bai san ya fito ba.

Ita ta fara yi min bayanin cewa ban da ji da gani da taɓawa, akwai kuma yadda mutum ke jin abin da ke faruwa a cikin jikinsa, yunwa, ƙishirwa, fitsari, ƙoshi, faɗuwar gaba. A yawancin yaranmu wannan ma a birkice yake. Wani ba ya ji sai abu ya yi tsanani, wani kuma ɗan motsin iska a hanji sai ya ji shi kamar wuƙa. Nawa duk abin da ya taso masa tsakanin ƙirji da mara sunansa ɗaya, ciwon ciki. Yunwa ciwon ciki, tsoro ciwon ciki.

To ki duba bayan gidanta da idonki, kada ki tambaye ta, don za ta ce ta yi. Ki nemi hoton jadawalin Biristol (Bristol) a intanet, wanda ke nuna ire-iren bayan gida, kala 7 ne, na 1 mai kama da ƙananan duwatsu da na 2 mai ƙulu-ƙulu a manne su ne taurin, na 3 da na 4 ake so. Ni littafi na buɗe, na yi sati biyu ina rubuta lokacin ciwon, abin da ya ci, da irin abin da ya fito. Da littafin nan a hannu babu likitan da ya sake ce min shagwaɓa.

Maganin da aka ba mu makrogol ne, garin da ake damawa a ruwa, wasu sun san shi da Movicol. Ruwa yake riƙewa a cikin bayan gidan ya yi laushi. Shan sa ma yaƙi ne, ɗanɗanon gishiri-gishiri yake ji tun daga nesa, sai da na riƙa sanyaya shi sosai yana ja da tsinken shan lemo. Kuskuren da na yi, bayan sati uku na ga sauƙi na daina, komai ya dawo sabo. Hanjin da ya buɗe watanni yake ɗauka kafin ya koma daidai. Amma don Allah kada ki saya da kanki, a auna mata gwargwadon shekarunta.

Banɗakin ma abin dubawa ne. Sai daga baya na gane ƙarar zubar ruwan masai ce ke firgita shi, da sanyin mazaunin, da ƙafafunsa da ke lilo. Na sa masa 'yar kujera a ƙarƙashin ƙafa yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu tsawo, yana zama minti biyar bayan cin abinci, lokacin hanji ya fi motsi, ni nake sakin ruwan bayan ya fita. Na makaranta kuwa ko kusa ba ya shiga, riƙewa yake tun safe, ruwa ma ƙin sha yake don kada fitsari ya kama shi. Kin tambayi taki ko tana shiga? Waccan makarantar dai mun bar ta. Malamar ba ta taɓa ba shi haƙuri ba, na haɗu da ita sau ɗaya a hanya har tana tambayata wai "ya ɗan namu". Ɗan naku?

Ba zan ɓoye miki ba, ko bayan cikin ya saki, ciwon safiyar makaranta bai tafi duka ba. Hayaniyar taron safe ce, da ƙararrawa. Hanji da ƙwaƙwalwa a haɗe suke, in hankalinsa ya tashi cikin ke fara amsawa, kuma ciwon na gaske ne ko da gwaji bai nuna komai ba. Wani dare da barci ya ƙi zuwa na karanta cewa tun 1958 wani likitan Ingila, John Apley, ya duba yara 'yan makaranta 1,000 ya samu kusan ɗaya cikin goma na fama da ciwon ciki mai dawowa. Shi ne kuma ya lura cewa in ciwon ya yi nisa da cibiya, an fi zargin akwai wata cuta a jiki. Mu abin da ya taimaka, abin toshe kunne, da izinin shiga aji bayan an watse daga layi, da robar ruwan ɗumi a ciki, sai in rungume shi ta baya in matse sosai. Shafawa a hankali ƙara harzuƙa shi take.

Za a ce ki cire madara, ki cire alkama, ki cire kaza da kaza. Yarinyar da abincinta kala biyar ne in kin cire biyu me ya rage? In ana zargin alkama akwai gwajin jini na cutar siliyak, wadda cin alkama ke lalata wa mai ita hanji, kuma sai tana cin alkamar gwajin ke nunawa, don haka kada ki daina ba ta kafin a yi. Maganin rage ciwo na ibuprofen ma ki yi hankali da shi, yana iya ƙara ɓata ciki.

Wanda ba a jira da shi: jini a bayan gida, amai kore, zazzaɓi tare da ciwon, rama, ciwon da ke tashinta daga barci, ko ya koma ƙasan ciki ta dama tana ƙin miƙewa. Wannan asibiti ne a take. Ki tuna yaranmu wani lokacin abu mai tsanani ne amma shiru za su yi, in ta yi lakwas ba kamar yadda kika saba ba, ki ɗauke ta.

Na ba ɗana haƙuri yana shekara 8. Ya ce bai tuna dukan ba, amma ya tuna bangon ajin kore ne. Yau da daddare in ta cire kaya ki duba wandonta na ciki, in kin ga ɗan alama ki sanar da ni.